DAƁE YA LOTSA A KONGO-RASHA: A DUBI ƘASA KAFIN A SAYI SIMINTI

Kowace shekara idan damina ta ɗauke, wajen ƙarshen watan Oktoba, akwai wani irin saƙo da yakan riƙa isowa Agege da Idi-Araba da Mil 12 da Sabon Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal daga Jos. Ƙane ne ko ɗa yakan bugo waya, bayan gaisuwa da tambayar kasuwa sai ya ce, "Yaya, daɓen ɗakin Inna fa ya lotsa, har ruwa na kwanciya a tsakiya. An kira birkila ya ce a kawo buhu 10." Shi kuwa mutumin da ke Kurmi, da yake ba ya son a ce ya bar mahaifiyarsa cikin ɗaki mai rami, sai ya tsakuro daga jarinsa ya aika. A shafe wurin ya yi sumul, a aiko masa da hoto, hankalinsa ya kwanta. Baɗi war haka a sake bugo masa waya a kan wannan ɗakin dai.

Wannan ɓarnar dukiya ta isa haka nan. Unguwar Kongo-Rasha, wadda ke cikin Jos ta Arewa kusa da Nasarawa, ta isa misali, domin unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, gidaje sun cunkushe, galibinsu kuwa ɗaki ɗaya ɗaki ɗaya aka gina su gwargwadon yadda kuɗi ya samu. Kuɗin nan sau da yawa daga Kudu ya fito: daga albashin soja da ɗan sanda, daga ladan gadi, daga ribar dankalin Turawa da kabeji da tumatir da ake saukewa a kasuwannin Ikko. Wanda ya yi gumin wannan kuɗi ya cancanci a gaya masa gaskiya, watau idan daɓe ya lotsa, ciwon yana ƙarƙashinsa, cikin ƙasar da ke ɗauke da shi da kuma ruwan da ke cinta. Maginin da ya yanke yawan buhu tun bai tono ya ga abin da ke ƙasa ba, ko dai bai san aikin ba ko kuma ya san mai gidan yana nesa.

Mutane da yawa sun ɗauka kankare dutse ne, ba abin da zai same shi. Lalle yana da tauri, amma fa nauyinsa ma ba wasa ba ne. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, idan aka zuba masa kankare mai kaurin inci 4, nauyin daɓen kaɗai ya haura tan 3, watau ya fi nauyin buhun siminti 60. Kankaren da ba rodi a cikinsa yana jure danniya, amma ba ya jure lanƙwasa. Muddin ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta tsaya daidai ko'ina, zai yi shekaru ba abin da ya same shi. Ran da ƙasar ta janye jiki a wani gefe ta bar kogo, sai daɓen ya zama kamar faifan da aka ɗora a bakin ƙwarya, a taka tsakiyarsa ya tsage, ko kuwa ya karkata gaba ɗaya ya bi ramin.

Iyayen da suka yi daɓen gargajiya sun fi 'ya'yansu gane wannan. Mata sukan taru da madaɓai, a zuba tsakuwa da jar ƙasa kaɗan kaɗan, a yayyafa ruwa, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta daina amsawa, sa'an nan a bi da ruwan makuba. Ƙarfin wannan daɓe duk daga dukan yake. Da siminti ya zo sai aka ɗauka ya ɗauke wa mutane wahalar duka, aka koma zuba cikon tifa guda a cikin ɗaki da safe, a baje da shebur, a rufe da kankare kafin la'asar. Ƙasar da ba a daka ba kuwa sai ta zauna, ko ba bana ba, domin ruwa zai yi mata dukan da lebura bai yi ba.

Ƙasar Jos kuma tana da nata hali dabam. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwan sama da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 1,400, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Ƙarƙashin garin dutse ne, a wani wuri ya fito fili, a wani wuri ya nutse ƙasa ta rufe shi. Saboda haka a unguwar da ke kan gangare ana iya samun ɗaki guda wanda rabinsa ke zaune bisa fa, rabinsa bisa cikon da aka zuba don a daidaita wurin. Gefen dutse ba zai motsa ba har abada, gefen ciko kuwa zai sauka, tsagar sai ta bi iyakar da ke tsakaninsu kamar an ja ta da igiya. Ruwan da ya shiga ƙasa ma ba ya iya ratsa dutsen, sai ya bi samansa yana gangarawa ta ƙarƙashin gidaje, yana ɗauke lallausar ƙasa kaɗan kaɗan ba mai gani.

Sa'an nan ga gadon da haƙar kuza ta bari. Tun kafin zuwan Turawa maƙera na narkar da kuza a Ririwai, amma a farkon ƙarni na 20 ne kamfanonin Ingila suka sauka a kwarin Dilimi, suka fara juya ƙasar Filato da gaske. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, wani layin ya biyo ta Kafancan a 1927. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, har kuzar da aka fitar a 1943 ta kai kimanin tan 17,000. Sai a 1946 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni gyara wurin da suka haƙa, alhali an riga an yi shekara 40 ana tono ana tafiya. Da kasuwar kuza ta faɗi a Landan a 1985, sauran kamfanonin suka naɗe tabarmarsu, suka bar kududdufai da tsibin ƙasa da kwatamin laka, daga baya kuma masu haƙar loto suka ƙara da nasu rijiyoyin. Lakar da aka wanke kuza aka zubar takan bushe a sama ta yi ɓawo, cikinta kuwa ya yi shekaru da yawa yana nan da taushi. Ba kowane gida a Jos ne ke zaune bisa tsohon rami ba, amma garin ya bunƙasa ya hau wuraren da dattawa suka san da can ruwa ne, kuma tifar da ke kawo ciko ba ta zuwa da takardar inda ta ɗebo. (Masana ma sun yi gargaɗi game da baƙin yashin da ke saura a injinan tace kuza, domin akwai ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki a cikinsa. Komai arharsa kada a zuba shi cikin ɗakin kwana.)

A unguwa irin Kongo-Rasha, duk da haka, ramukan da suka fi cin daɓe ƙanana ne, kuma mutane ne suka haƙa su da hannunsu. Tsohuwar salga da ta cika aka rufe, bayan shekara 10 aka gina ɗakin amarya a kanta. Rijiyar da ta ƙafe aka cike da shara. Juji da aka baje aka sayar da filin. Shara ruɓewa take yi, idan ta ruɓe kuwa sai ta bar wurin da ta tare. Ga bututun famfo da ya fashe a ƙarƙashin tsakar gida yana tsiyaya dare da rana, ga sokawe da aka haƙa dab da bango saboda ƙuncin fili, ga ruwan kwano da ke zuba a gindin gini ba indararo, ga gara da gafiya. Akwai kuma abin da ba a son tunawa. A wannan unguwa ce rikicin ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001 ya fara, wanda ya ci rayuka kimanin 1,000 cikin mako guda, aka sake wani a Nuwamba 2008, aka sake a Janairu 2010. Gidajen da aka ƙona a Jos an sake gina da yawansu cikin gaggawa da ƙarancin kuɗi, aka tura ɓaraguzan bulo da toka da guntayen katako da kwano cikin harsashi a matsayin ciko. Irin wannan ciko cike yake da kogo. Ruwa yana samun hanya sai ya ja ƙasar sama ya cusa a ciki.

To, a kan irin wannan ƙasa ne ake zuwa a yi shafe. Birkila ya kwaɓa siminti da yashi, ya cike lotsawar, ya goge da cokali har mutum ya ga fuskarsa. Lissafin ba wuya. Idan aka ƙara inci 2 a kan wancan ɗaki mai ƙafa 12, an ɗora wa ƙasar da ta riga ta gaza ƙarin nauyin kusan tan ɗaya da rabi. Kogon yana nan, ruwan da ya haƙa shi yana nan. Abin da aka saya da kuɗin shi ne kwanciyar hankali ta rani guda. Akwai gidajen da aka yi wa haka sau uku sau huɗu, har sai an sare gindin ƙofa kafin ta buɗu, mai tsawo kuwa sai ya sunkuya zai shiga. Wanda ya tuna yadda buhun siminti ya haura Naira 10,000 a garuruwa da yawa a farkon 2024 ya san abin da ake binnewa. Tsofaffin mazauna Ikko sun ga jiragen ruwa fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin Apapa a 1975 ɗauke da simintin da gwamnati ta yi oda ba lissafi, har wani ya daskare a cikin jirgi. Ashe ana iya yin ƙaramar irin wannan a ɗaki guda.

Abin da ya kamata a fara yi ba ya cin ko buhu ɗaya. A ɗauki guduma ko taɓarya a bi daɓen ana ƙwanƙwasawa, inda ke da kogo zai amsa kamar ganga. A ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ko a yi amfani da tiyo mai ruwa irin na magina, a auna inci nawa ya sauka kuma ta wane gefe, domin gefen da ya fi sauka shi ke nuna inda ruwa yake. A fasa wuri ɗaya kamar faɗin faranti a zura rodi a ji zurfin taushin. A rufe duk famfunan gida a saurara ko akwai tsiyaya. Sa'an nan a ɗaga kai a dubi bango, nan ne maganar take rabuwa biyu. Idan daɓe kaɗai ya sauka, bango yana tsaye lafiya, aikin magini ne. Idan kuwa bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tsagar ta kai a zura fensir, ƙofofi sun fara cijewa, to harsashin ginin ne ke tafiya. A manna ɗan siminti a kan tsagar a rubuta kwanan wata, idan ya sake tsagewa cikin makonni ke nan motsin bai tsaya ba. Wannan ya wuce birkila komai gwanintarsa, sai injiniya mai rajista.

Dakin na bene kuwa, watau kankaren da ke bisa kan mutane, ba ya cikin abin da ake lallaɓawa ko kaɗan. Idan ya yi ciki, ko rodinsa ya fito ya yi tsatsa, ko ginshiƙin da ke ɗauke da shi ya tsage, a kwashe iyali a ranar. Mutanen Jos ba su bukatar a ba su labarin wata ƙasa. A watan Yuli na 2019 bene mai hawa uku ya rufta a tsakiyar gari kusa da titin Dilimi, mutum fiye da 10 suka rasu. Ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin makarantar Saints Academy a Busa Buji ya faɗo wa yara suna cikin aji, rai 22 suka salwanta, fiye da 100 suka ji rauni, rahoton farko na cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, kuwa ya nuna raunin kankare da kayan aiki marasa inganci. A lura da watan da abubuwan biyu suka faru. Murfin salga da na sokawe ma haka ne, idan ya lotsa a killace wurin kada yaro ya taka, kada kuma a bar lebura ya shiga ramin don iskar ciki tana kashewa.

Idan an tabbata daɓe ne kaɗai, gyaran farko na ruwa ne: a ɗinke bututu, a sa wa kwano indararo, a zuba wa gindin bango dakali mai gangara zuwa waje kamar inci 1 a kowace ƙafa 4, a yashe lambatu. Bayan wannan ne ake maganar ɗagawa. Ƙananan falankin kankare, irin murfin kwata da matakalar ƙofar shago, leburori huɗu da sandar ƙarfe da jak na mota sun isa su ɗaga su, a gyara mazauninsu da tsakuwa a daka, a mayar. Ba dalilin fasa abin da za a iya ɗagawa.

Manyan daɓe kuwa akwai dabarar da ma'aikatan hanya na jihar Ayowa ta Amurka suka fito da ita wajen 1930, wadda matasa ke gani a waya yanzu suna turo wa iyayensu. Ana huda daɓen wuri wuri, kowace huda kamar inci 1 zuwa 2, a sa famfo mai ƙarfi ya tura kunun siminti da yashi da ƙasa ta ciki. Kunun yakan fara cike kogon, idan ya rasa wurin zuwa sai ya tura daɓen sama a hankali, ana duba igiya har ya zo daidai, a toshe hudojin. Daga baya wani kamfani na ƙasar Finlan mai suna Uretek ya kawo wata hanyar, inda ake tura ruwan magani iri biyu ta ƙaramar huda, su haɗu su kumbura kamar kumfa su daskare cikin mintoci, ga shi ba nauyi. Dabara ce mai kyau, kuma ta dace da daɓen masallaci ko coci ko sito ko gidan mai, inda kankaren ke da kauri kuma fasa shi hasara ce babba. Amma tana da sharaɗi. Sai daɓen yana da lafiyar da zai tashi a dunƙule. Daɓen gidan talaka mai kaurin inci 2, wanda aka yi wa rowar siminti, idan aka tura masa ƙarfi daga ƙasa farfashewa zai yi. Injin ɗin kuma ba a hannun kowane ɗan kwangila yake ba. Duk wanda ya zo da mazurari da bokiti ya ce zai yi irin na Amurka, iyakarsa ya cike kogo, wanda shi ma wani amfani ne, amma kada a biya shi kuɗin ɗagawa, don kunu ba ya ɗaga tan 3 sai da matsin inji.

Saboda haka ga mafi yawan ɗakunan Kongo-Rasha hanyar da ta fi gaskiya ita ce a fasa a sake, kuma a sake sau ɗaya. A kwashe ruɓaɓɓen ciko har a tarar da ƙasa mai ƙarfi. A zuba jar ƙasa ko burji inci 6, a yayyafa ruwa, a daka har madaɓi ya daina barin sawu, sa'an nan a ƙara wani inci 6. Tsohon daɓen da aka fasa ba asara ba ne, a farfasa shi ƙanana ya zama shimfiɗar dutse, a cike tsakaninsa da yashi, a shimfiɗa leda don hana danshi. Inda aka tarar da bakin salga ko rijiya, ko inda dutse ya yi iyaka da ciko, a sa rodi ya haye wurin ya zauna bisa ƙasa mai ƙarfi ta kowane gefe. Awon kwaɓi kuwa sananne ne: buhu ɗaya kwanon sarki 2 ne, a ba shi kwano 4 na yashi mai tsabta da kwano 8 na tsakuwa. Da wannan awo ɗakin nan mai ƙafa 12 zai ci buhu 8 zuwa 9. Wanda ya ce zai yi shi da buhu 4 ya rage kauri ko ya ƙara yashi, wanda ya ce 15 kuwa a tambaye shi ina sauran za su.

Saura maganar wa za a ba aikin, ita ce kuma ta fi wuya a Jos ta yau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka nan tsohon maginin unguwa shi ya san inda rafi ya bi kafin a yi gidaje, da inda aka taɓa ɗibar ƙasa, da gidan da ke kan juji. Wannan sani ba a rubuce yake a ofishin kowa ba. Abin takaici, tun daga 2001 garin ya rabu, kowa ya koma cikin nasa, Musulmi da yawa suka bar Kongo-Rasha da Unguwar Rukuba, Kirista da yawa suka bar Unguwar Rogo da Gangare, aka yi ta musayar gidaje da sayarwa a gaggauce. Sai ya zama mutum yana zaune a gidan da wanda ya haƙa harsashinsa yana nan da rai, tafiyar minti 20 tsakaninsu, amma ba mai zuwa wurin wani. Kada a manta rikicin Janairu 2010 a kan sake ginin wani gida ya tashi a Dutse Uku, shi ya sa har leburori suka riƙa tsoron ɗaukar kwanon sarki su tsallaka titi. Ruwan sama dai bai san wannan iyaka ba. Ambaliyar da ta biyo Dilimi a watan Yuli na 2012 ta ci fiye da mutum 35 a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, kuma kwatar da aka toshe a unguwar sama a ɗakin mutumin unguwar ƙasa take fashewa, ko wane ne shi. Wanda ya sayi gida ko ya gada a Kongo-Rasha ya nemi wanda ya gina shi ya tambaye shi abin da ke ƙasa, ko da ta waya ce, ko da ta hannun mai unguwa. 'Yan Arewa da ke Kurmi sun fi kowa sauƙin wannan, don a Mil 12 da Agege Birom da Bahaushe da Angas da Bafulatani rumfa ɗaya suke zama, harshe ɗaya suke ciniki da shi.

Kasancewar magini ɗan unguwa bai sa a sakar masa kuɗi ba ido. Ɗan unguwa ya fi baƙo ne don ba shi da wurin gudu, gobe za a gamu da shi a jana'iza ko wurin suna. Amma a rubuta yarjejeniya ko da a takardar makaranta ce, a gaban mai unguwa ko liman ko fasto: zurfin da za a tona, kaurin kankare, yawan buhu, ranar gamawa. A raba biyan kashi kashi. Kada a saki kuɗin siminti sai mai gida ya ga ramin da idonsa ta waya, ya ga ana daka ciko, tun da yanzu mutum yana Fatakwal yana iya kallon tsakar gidansu a Jos. Hoton da aka ɗauka bayan an goge ba ya nuna komai. A riƙe kashi 1 cikin 10 na ladan har ruwan Agusta ya wuce, kamar yadda ake yi wa manyan 'yan kwangilar gwamnati. Maginin kirki ba zai ƙi ba. Kuma, ko da za a ji haushi, ba kullum magini ne ke cin buhun ba. Wani lokaci ɗan'uwan da aka wakilta ne, wanda shi ma yana da tasa bukatar, kuma kunya ba za ta bari a tuhume shi ba. Maganin wannan shi ne a biya mai shagon siminti kai tsaye, a ba ɗan'uwa nasa hasafin dabam a fili.

Hukuma ma tana da nata kason. Hukumar raya birnin Jos, JMDB, wadda ke ba da iznin gini, an ƙara mata ƙarfi da umarnin Gwamna Caleb Mutfwang mai lamba 003 na 2024, kuma ba laifi a tsananta wa masu ɗora bene bisa harsashin da bai isa ba. Amma talakan Kongo-Rasha ya fi ganin jami'i da jan fenti bisa bango fiye da ganinsa da shawara. Ya kamata a fitar da taswirar tsofaffin ramukan kuza da hanyoyin ruwa a kafa ta a ofishin ƙaramar hukuma da gidan kowane mai unguwa, yadda mai sayen fili zai duba kafin ya biya. Ya kamata a gina manyan magudanu a unguwannin gangare, don ba mai gida ɗaya da zai iya juya ruwan unguwa guda. Majalisar injiniyoyi ta COREN, wadda aka kafa tun 1970, da sashen koyar da gini na Jami'ar Jos, su ware 'yan kwanaki a kowane rani su koya wa birkilolin unguwa auna lotsawa da gane tsagar da ke da haɗari. Ƙungiyoyin 'yan Filato da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu kuma suna iya haɗa kuɗi su ɗauki injiniya guda ya zagaya gidajen membobinsu 20 ko 30 cikin mako ɗaya, abin da zai faɗo wa kowa ba zai kai kuɗin buhu biyu ba.

Lokacin aikin daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da ƙasa ta tsane ana iya ganin gaskiyarta, kafin ruwan Afrilu ya sauka. Sai dai hunturun Jos yana shanye ruwan sabon kankare kafin ya nuna, ya bar shi da tsaga kamar ƙafar da ta yi faso. A sayi siminti sabo wanda bai dunƙule ba, a zuba da sassafe, a rufe da buhunan da aka jiƙa ko danyen yashi, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, a hana yara da awaki takawa. Gado da buhunan hatsi da injin niƙa kuwa su jira a waje sai ya cika kwana 28.